Dunƙulewa a Hannun Wa? Martani Daga Karaye da Rogo

A 'yan kwanakin nan wani marubuci ya fitar da doguwar maƙala yana yabon abin da ya kira dunƙulewa. A ganinsa duk abin da aka tattara wuri guda ya yi ƙarfi, duk abin da aka rarraba ya raunana. Da wannan ma'auni ya auna rushe masarautun Bichi da Rano da Gaya da Karaye da aka yi a watan Mayun 2024, ya ce gyara ne, an mayar da Kano yadda kakanni suka bar ta. Da shi ya auna haɗe bankunan Najeriya na 2005, ya ce ga shaida nan ƙarara. Ko asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi bai ƙyale ba, ya ce gara kuɗi su zauna a hannu ɗaya mai ƙarfi da a watsa su hannun ciyamomi 44. Sannan ya rufe da karin maganar tsintsiya da maɗaurinta.

Maƙalar ta yi daɗin karatu, kuma ba a shakkar mai ita yana ƙaunar Kano. Sai dai daga cikin ganuwa ya tsaya ya hango ƙasar. Mutumin Zarewa ko Fulatan ko Beli, can ƙasar Rogo inda Kano ta yi iyaka da Kaduna da Katsina, idan aka ce masa an dunƙule, abu biyu zai tambaya. A hannun wa? Kuma tafiyar awa nawa ce daga ƙofar gidana zuwa wurin mai hannun? Marubucin bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsintsiyar da ya kafa hujja da ita ma ai ba ita ke zaɓar inda za ta share ba, mai riƙe da ita ke zaɓa. Akwai tattarawar da ke kawo mai iko kusa da talaka, akwai wadda ke janye shi nesa, kuma ƙasar Karaye ta ɗanɗana kowacce.

A fara da tarihin da ya jingina da shi. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, yawancin hakimai a birni suke zaune. Mai sarauta ɗaya yana iya riƙe gari a gabas, 'yan ƙauyuka a kudu, wani garin kuma can yamma, babu wanda ke maƙwabtaka da ɗan'uwansa. Jakadu ne ke kai-komo: su ke karɓo kuɗin ƙasa, su ke kai ƙara, su ke kawo umarni, kuma ba sai an faɗa wa kowa abin da kan maƙale a aljihun ɗan aike ba. Garuruwa biyu masu shan ruwan rafi ɗaya sai ka tarar kowanne da nasa uban ƙasar a birni, in rigimar iyaka ta tashi sai an tafi Kano kafin a sami mai cewa a bari. A wajejen 1907 zuwa 1908, zamanin Sarki Abbas, Razdan Cargill ya sa aka tattara garuruwan da ke jere da juna aka mayar da su gunduma-gunduma, aka umarci hakimai su fita daga birni su je su zauna cikin jama'arsu. Ba tausayin talaka ne ya sa Bature yin haka ba, haraji yake so ya shigo cikakke, kuma fada ba ta ji daɗin tsarin ba ko kaɗan. Amma a duba inda abin ya fuskanta. Ƙasa aka dunƙule, iko kuwa aka fitar da shi daga birni aka kai shi karkara. Wannan ita ce tattarawa mafi girma da aka taɓa yi wa mulkin ƙasar Kano, har yau a kanta ake tafiya, kuma ta saɓa da abin da marubucin ke yabo.

Karaye ma ba ta jira Cargill ba. Sarkinta yana cikin sarakunan da tun asali a garuruwansu suke zaune, irin su Rano da Gaya da Dutse. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Wambai Giwa yana zaune a Karaye a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, farkon ƙarni na 17, lokacin da garin ke bakin daga tsakanin Kano da Katsina. Gaskiya ne waɗannan sarakuna suna yi wa Sarkin Kano mubaya'a, babu mai musun haka. Amma Kanon da kakanni suka bari tana da manyan mutane a bakin iyakokinta, masu iya yanke magana nan take ba tare da sun jira saƙo daga fada ba. Wanda zai ce a koma yadda aka gada, ya kamata ya ɗauki gadon gaba ɗayansa.

Yanzu a bi rawanin Karaye a zamanin siyasa. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna, har da na Karaye, a tsakiyar takun-saƙarsa da fadar Kano. A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya hau mulki ya soke. Ranar 8 ga Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta raba masarautar gida biyar, Alhaji Ibrahim Abubakar II ya zama sarki mai daraja ta ɗaya, da Karaye da Rogo da Gwarzo da Kabo da Rimin Gado da wasu ƙananan hukumomi a ƙarƙashinsa. A Nuwamban shekarar babbar kotun jiha ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'ida wajen yin ta ba, aka sake yin wata a Disamba. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe duka, aka dawo da Muhammadu Sanusi II. Ba a cika wata biyu ba, a tsakiyar Yuli, aka sake yin doka aka kafa masarautu uku masu daraja ta biyu ƙarƙashin Sarkin Kano: Rano da Gaya da Karaye. Ita Karaye ƙananan hukumomi biyu aka bar mata, ita kanta da Rogo, aka naɗa Alhaji Muhammad Maharaz.

Cikin shekara 43 ke nan an ɗaga sarauta ɗaya sau biyu, an sauke ta sau biyu, sannan aka tsayar da ita a tsakiya. Dokar 2019 cikin 'yan kwanaki majalisa ta gama da ita, haka ma ta 2024. Ba a je garin Turawa ko Yammedi ko Gwangwan an tara dattawa an ji ta bakinsu ba, ba ranar rabawa, ba ranar haɗewa. Wannan shi ne abin da ya kuɓuce wa marubucin, kuma shi ne zuciyar maganar. Yana murnar an dunƙule sarauta a Gidan Rumfa, alhali inda ta dunƙule da gaske gidan gwamnati ne. Duk sanda aka raba ko aka haɗe da alƙalamin gwamna, darasi ɗaya kowane mai rawani ke ɗauka, wato kujerarsa tana rataye da zaɓe mai zuwa. Sarki ɗaya ne ko biyar, in dai haka ake yi, babu mai ƙarfi a cikinsu. Shaida kuwa tana gaban kowa: bayan dokar da aka ce za ta mayar da Kano dunƙulalliya, sai aka wayi gari mutum biyu na amsa sunan Sarkin Kano, ɗaya a Gidan Rumfa, ɗaya a gidan Nasarawa, lauyoyi suna ta zarya daga wannan kotu zuwa waccan.

Wannan martani ba wanke dokar 2019 yake yi ba. Mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin hanyar rage wa Sanusi tsawo, kuma tsige shi da aka yi ranar 9 ga Maris 2020 ya ƙara musu hujja. Masu kare ta ma sukan wuce gona da iri, su nuna asibitin Karaye da aka faɗaɗa da titunan cikin gari su ce albarkar rawani ce. Daga kasafin jiha kuɗin suka fito, kuma gwamnan da ya so zai iya gina asibiti a Rogo ba tare da ya naɗa kowa ba. Amma mugun nufin mai yin abu ba ya goge buƙatar da abin ya taɓa. Gwamnatin da ta rushe masarautun ita da kanta ta dawo ta kafa uku kafin damina ta yi nisa, kuma ko ba a furta ba, wannan amsawa ce cewa ƙananan hukumomi 44 sun yi wa fada ɗaya faɗi.

Domin me ya rage a hannun sarki yau? 'Yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai an karɓe su daga hannun En'e tun ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran. Abin da ya rage shi ne sulhu: rikicin gona, rigimar burtali tsakanin manoma da makiyaya, naɗin dagatai da masu unguwanni, shawo kan iyaye su kai yara rigakafi, sanin baƙon da ya sauka a ƙauye da dare. Kowanne daga cikinsu aikin kusa ne, sai wanda ya san gonar da ake magana, ya san kakan masu rigimar. Daga Karaye zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 90 ce, Rogo kuma ta fi haka nisa. Ƙidayar 2006 ta ba Karaye mutum sama da dubu 140, ta ba Rogo sama da dubu 220, kuma an haifi sabuwar zuriya tun daga lokacin. Manomin da shanu suka shiga masa dawa a watan Satumba ba ya da kwana uku na zuwa birni ya jira a yi masa iso.

Da tsoron marubucin gaskiya ne, da Kano ta rushe tun 1991. A shekarar aka yanke Jigawa, Dutse da Ringim suka fita daga ƙarƙashin Sarkin Kano suka zama masarautu masu cin gashin kansu. Dutse yau babban birnin jiha ce, da jami'ar tarayya a cikinta. Hawan Daushe kuwa bai rasa armashinsa ba saboda haka, kuma Ado Bayero ya ci gaba da sarauta da kwarjininsa har rasuwarsa a 2014.

Sai maganar bankuna, wadda ya ɗauka ita ce hujjarsa da ba ta da makawa. Abin da ya faɗa ya faru. A Yulin 2004 Gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. An sami manyan bankuna, wasunsu har suka buɗe rassa a ƙasashen waje. Amma marubucin ya tsaya da labarin a inda ya yi masa daɗi. Ba a cika shekara huɗu ba, ranar 14 ga Agustan 2009, Babban Banki ya sauke shugabannin biyar daga cikin waɗannan bankuna da aka ce sun yi ƙarfi, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe da ajiyar jama'a, kafin shekara ta ƙare kuɗin ceton suka kai biliyan 620. Wanda ya yi wannan aiki shi ne Sanusi Lamido Sanusi, wato Muhammadu Sanusi II, kuma bai ɓoye dalili ba: rance marar dawowa da rashin riƙon amana a sama. Girman jari bai hana ɓarna ba, sai ma ya sa ɓarnar ta yi girman da dole gwamnati ta ɗauka.

Akwai kuma abin da Arewa ta rasa a wancan haɗewa. Bank of the North, wanda aka kafa tun zamanin Sardauna da hedikwatarsa a Kano, ya narke cikin Unity Bank tare da wasu bankuna takwas, hedikwata ta bar Kano. Inda ake yanke shawarar wa za a ba rance ya ƙara nisa da mai noman rake da masara. A yau mai sayar da hatsi a kasuwannin ƙasar Rogo ya fi sanin mai POS fiye da manajan banki, kuma a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mutanen karkara sun ga abin da nisan banki ke nufi, har wasu suka karyar da amfanin gonarsu ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Banki ya yi ƙarfi a Legas. Ko ƙarfin ya iso Zoza, wannan tambayar ce marubucin ya kamata ya amsa.

Asusun haɗaka kuwa ba ya buƙatar doguwar gardama, Kotun Ƙoli ta riga ta yi magana. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ne ya tanadi asusun, da nufin kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta cikinsa su isa inda aka nufa. Abin da ya biyo baya a jihohi da dama kowa ya sani: ciyaman yana jiran a sakar masa albashi, gyaran rijiyar burtsatse sai an rubuta takarda zuwa babban birni. Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Marubucin ya ce ciyamomi ma suna ci. Suna ci, wasunsu har da rashin kunya. Bambancin shi ne an san gidan ciyaman, ana haɗuwa da shi a ɗaurin aure da jana'iza, ana iya tare shi a ƙofar masallacin Juma'a a tambaye shi ina maganar kwalbatin da ruwa ya cinye. Jami'in da ke riƙe da fayil a sakatariyar Audu Bako ba wanda ya san fuskarsa a Ruwan Bago.

Mutanen Karaye ma suna da nasu misalin tattarawa wanda ya fi kowane asusu girma, suna kallonsa kullum. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Gonakin fadama da gidajen mutanen yankin ne suka nutse kafin a sami wannan tafki. Ruwan da aka tara ana sakinsa ya gangara, birnin Kano ya sha, noman rani na kwarin Haɗejiya ya samu. Aiki ne mai amfani, ba mai cewa a fasa shi, kuma masunta da masu injin ban-ruwa a bakin tafkin suna samun na tuwo. Amma duk wanda ya zagaya ƙasar da rani zai ga gonakin tudu a bushe ƙamas, tafiya kaɗan daga ruwan. An tara, tarawar ta yi kyau. Rabon ne ba a tsara shi da masu ƙasar a zuciya ba.

Akwai wuri ɗaya da maganar marubucin za ta zauna daram, abin mamaki kuma bai ambace shi ba: gona. A nan rarrabuwa ciwo ce ta gaske. Gandun da kaka ya noma da 'ya'yansa an raba shi gado, an sake rabawa, har ta kai magidanci na da 'yar gona a bayan gari, wata a fadama, wata kuma sai ya hau babur. Tarakta ba ta iya juyawa a irin waɗannan gonaki, haƙa rijiyar ban-ruwa don kowacce asara ce, rabin ranar manomi a hanya take ƙarewa. Kowa shi kaɗai yake sayen takinsa a farashin ɗai-ɗai, shi kaɗai yake fuskantar dillali da kaka, lokacin da masara ta fi arha, sannan buhun ya isa kasuwar Dawanau ya zama wani kuɗin.

Wasu ƙasashe sun magance wannan. A Punjab ta Indiya an yi doka a 1948 aka bi ƙauye-ƙauye ana musayar gonaki, kowane manomi a haɗa masa guntayensa wuri guda gwargwadon darajar abin da ya mallaka, a fitar da hanyoyi da magudanan ruwa. Wannan ne ya sa kafa rijiya da inji ya zama abin riba ga manomi ɗaya, kuma a kansa bunƙasar noman alkama ta shekarun 1960 ta hau. Ruwanda ta bi wata hanyar daga wajejen 2008: kowa ya riƙe gonarsa, amma maƙwabta su shuka iri ɗaya a sami taki da iri cikin sauƙi. Amfani ya ƙaru, sai dai an yi ta kukan cewa hukuma ce ke zaɓa wa manomi abin da zai shuka. A nan gida dole a yi hattara ninki biyu, domin dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma ba wuya a fake da haɗa gonaki a miƙa wa wani mai jari, masu gonar su koma 'yan ƙwadago a kanta.

Hanyar da ta dace ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Musayar gona tsakanin maƙwabta an san ta, gayya an san ta, kuma fiƙihun Malikiyya ya tanadi shuf'a, wato idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gonar da ba a raba ba ya sayar da kasonsa, abokin tarayyarsa ya fi baƙo haƙƙin karɓa. Magada za su iya barin gandu a haɗe su riƙa raba amfani maimakon su yanka ƙasa. Manoma ashirin masu gonaki jere a gefen Challawa ko Kusalla za su iya yin ƙungiya, su ɗauki hayar tarakta rana ɗaya, su ja bututu ɗaya daga tafki, su sayi taki mota guda, su ajiye masararsu har farashi ya tashi. Abin da kan kashe irin wannan shiri shi ne rashin yarda: wa zai shaida iyakar kowa kafin a share kunya, wa zai riƙe takardar musaya, wa zai raba gardama ranar da ɗan wani ya dawo daga Legas ya ce an cinye gonar ubansa. Aikin dagaci ne da hakimi da alƙali da malamin gona, kuma a samansu sarkin da manomi zai iya zuwa fadarsa da safe ya koma gida kafin la'asar. Masarautar Karaye ta yanzu, da ƙananan hukumominta biyu, tana iya fara wannan da abu mai sauƙi: a buɗe littafin gonaki a gidan kowane dagaci, a rubuta iyakoki gaban shaidu, a ajiye kwafi a fada da sakatariyar ƙaramar hukuma, sannan a tunkari Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da jerin ƙungiyoyin da suka shirya karɓar ruwa.